A bar wa na'ura faɗan saƙon komit

Duk wanda ya taɓa buɗe git log (jerin komit, wato canje-canjen kod da aka adana a manhajar Git, kowanne da ɗan saƙon bayaninsa) na aikin da hannu da yawa suka shiga ya san abin da ke ciki, layi bayan layi "update", "fix", "gyara", "final", wani ma ɗigo ɗaya kawai zai saka ya tura abinsa. Ranar da abu ya lalace ana neman wane canji ne ya jawo, sai ka zauna kana buɗe komit ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, alhali da an rubuta saƙon da kyau da kallo ɗaya ya isa.

Ni abin da ya fi damuna ma shi ne yadda ake gyaran. Babba a tim zai duba aikin ƙaninsa, maimakon su tattauna kod ɗin sai ya ɓige da "malam ka sake rubuta saƙon nan", gobe ma haka, har yaron ya fara jin kamar an tsane shi ne. Wannan aikin na'ura ne wallahi, ita ba ta gajiya kuma ba wanda zai riƙe ta a zuciya.

Git kansa ya zo da hanyar. A cikin foldar .git/hooks idan ka ajiye fayil na ɗan shirin dubawa mai suna commit-msg, duk sanda ka yi komit Git zai miƙa masa saƙon naka kafin ya adana, in fayil ɗin ya dawo da wata lamba da ba 0 ba to komit ɗin bai shiga ba, sai ka gyara. Matsalar ita ce wannan folda ba ta bin kod ɗin in wani ya kwafo ma'ajiyar, shi ya sa mutanen JavaScript suke haɗa Husky da commitlint, Husky ya tabbatar kowa a tim yana da fayil ɗin binciken a kwamfutarsa, commitlint kuma ya yi dubawar. Masu Python akwai gitlint.

Dokar da aka fi bi ita ce Conventional Commits, wadda ta samo asali daga tsarin da masu Angular (wani kayan gina manhajar yanar gizo) suke bi. Ka fara da irin canjin, feat (sabon abu) ko fix (gyara) ko docs (rubutun bayani) da sauransu, in ka so ka saka ɓangaren da ka taɓa a cikin baka, sai ɗigo biyu, sai bayani:

fix(login): hana shiga idan ba a saka fasawod ba

Kun ga bayanin ma da Hausa na rubuta kuma zai wuce lafiya lau, commitlint ba ruwansa da yare, siffa yake dubawa. Amma a saitin commitlint mai suna config-conventional in ka fara bayanin da babban baƙi ko ka rufe da aya zai mayar maka da shi, haka in layin farko ya wuce haruffa 100. Ribar kuma ba kyan gani kaɗai ba ce, kayan aiki irin semantic-release suna karanta saƙonnin nan su fitar da lambar siga (version, irin 1.2.3) da kansu, fix ya ɗaga lambar ƙarshe, feat ta tsakiya, BREAKING CHANGE kuma ta farko.

Toh amma kar a dogara da kwamfutar mutum kaɗai, don git commit --no-verify yana tsallake binciken gaba ɗaya, kuma mutum in yana sauri ƙarfe biyun dare zai yi amfani da shi. A saka binciken a GitHub Actions ma, wato tsarin GitHub mai gudanar da aiki da kansa, ya duba kafin a haɗe reshen da mutum ya yi aikinsa da babban kod. In kuma kuna dunƙule komit duka su zama ɗaya lokacin haɗewa, to taken PR ɗin, wato buƙatar a haɗe aikin, ya kamata a duba tunda galibi shi ne zai zauna a tarihi.

Abu ɗaya da nake roƙo, kar a cika dokoki har mutane su tsani abin, kaɗan sun isa. Kuma "fix: gyara" zai wuce binciken tsaf duk da bai faɗi komai ba, dalilin canjin dole mutum ne zai rubuta shi a ƙasa bayan ya bar layi ɗaya fanko, a nan ne nake so mai duba kod ya tsaya ya ce ɗan'uwa me ya sa ka canza wannan. Tsohon aiki kuma a ƙyale tarihinsa yadda yake, a fara dubawa daga sababbin komit kawai.