Abin da Buhun Wake Ya Koya Mini a Kan Bincike

A shekarata ta biyu ina karatun digiri na biyu a fannin ƙwarin amfanin gona, na yi asarar aikin wata biyar cur saboda kuskuren da na tafka da hannuna, kuma a lokacin da nake tafka shi gani nake yi ƙwazo nake nunawa. Aikin da aka ba ni shi ne in gwada buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda ake adana wake a cikinsa ba tare da an zuba magani ba, in kwatanta shi da buhu na gama-gari. Na jera buhunan a wani sito, na rubuta wa kowanne lamba, sannan duk ƙarshen wata sai in kwance bakinsu ɗaya bayan ɗaya, in ɗebi wake cikin gwangwani, in ƙirga wanda ƙwaro ya huda da wanda bai huda ba, in mayar in ɗaure. Da wata na biyar ya cika sai na tarar da ƙwari masu rai suna yawo a buhunan da ake cewa ƙwaro ba ya rayuwa a cikinsu. Na ɗauki littafin aikina na nufi ofishin malamin da ke duba kundina, ina ji a raina na gano abin da manyan masana ba su gano ba.

Malam ya karanta jadawalin tun daga sama har ƙasa bai ce uffan ba, sannan ya ɗago ya tambaye ni yadda aka yi na samu alkaluman kowane wata. Da na yi masa bayani sai ya ajiye biro, ya ce, "To ai kai ne kake ba su numfashi. Duk wata sai ka je ka buɗe musu taga, sannan ka dawo kana mamakin ba su mutu ba." Na ce, "Malam, ai minti biyu kacal nake yi." Ya ce minti biyu ya ishi buhu ya cika da sabuwar iska. Ban taɓa kawowa a raina cewa awon da mai bincike yake yi yana iya sauya abin da yake aunawa ba, ko da yake na sha karanta hakan a littafi har na amsa shi a jarrabawa. Muka sake tsara gwajin daga tushe. Aka ƙara yawan buhuna, aka ware waɗanda za a buɗe a kowane wata, kuma buhun da aka buɗe sau ɗaya ya fita daga gwaji ke nan. Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne Malam ya ƙi yarda in jefar da sakamakon farko. Ya sa na rubuta shi a kundin tare da bayanin yadda aka yi ya lalace.

Ƙwaron wake, wanda masana ke kira Callosobruchus maculatus, tun daga gona yake biyo amfani. Macen takan manna ƙwai a bayan ƙwayar wake, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta kutsa ciki, ta ci ta girma a ɓoye, cikin kusan wata guda a lokacin zafi ta huda ta fito a matsayin babban ƙwaro, ya bar ramin nan mai zagaye da kowace mai girki ta sani. Saboda wannan saurin hayayyafa ne waken da aka zuba a kaka yana sheƙi yake iya komawa gari da ramuka kafin bazara, daidai lokacin da farashinsa ke tashi. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye mata, saboda haka asarar ba ƙarama ba ce, kuma tsoronta ne ke sa manomi ya sayar da amfaninsa da arha tun a kaka, ko kuma ya zuba masa maganin da bai kamata ya kusanci abinci ba. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar sinadarin diklorbos da aka riƙa samu a cikinsa, wato sinadarin da ke cikin irin maganin ƙwarin nan na ruwa da ake sayarwa a ƙananan kwalabe.

Watannin da na yi ina jiran sabon gwaji sun ba ni damar karanta tarihin buhun, kuma a nan na ci karo da abin da ya ƙara rage mini girman kai. Tun a 1987 Larry Murdock, masanin ƙwari a Jami'ar Purdue da ke jihar Indiana a Amurka, ya fara aiki da masu binciken aikin gona na Kamaru a Marwa kan yadda za a adana wake, inda suka gwada hanyoyi da dama, ciki har da gasa wake da zafin rana, da cakuɗa shi da toka kamar yadda mata suka saba, da kuma rufe shi a leda ninki uku. Sai a 2007, da Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da kuɗi, aka fara yaɗa buhun sosai a ƙasashe 10 na yammaci da tsakiyar Afirka. A duk waɗannan shekaru bayanin da kowa ke bayarwa shi ne iska ce take ƙarewa ƙwari su shaƙe su mutu, kuma ni ma haka na rubuta a gabatarwar kundina ba tare da na tsaya tambaya ba. Amma a 2012 Murdock da abokan aikinsa, ciki har da Ibrahim Baoua na cibiyar binciken aikin gona ta Nijar da ke Maraɗi, sun wallafa sakamakon da ya nuna cewa maganar ta wuce haka. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da oksijin kimanin kashi 21 cikin 100, kuma ƙwarin da ke cikin rufaffen buhu su ne da kansu suke cinye shi da numfashinsu. Busasshen wake ba shi da ruwan da zai ishi tsutsa, don haka jikinta ne ke samar mata da ruwa idan ya ƙone abinci da oksijin. Da oksijin ya yi ƙasa sai ta daina ci, ruwan ya daina samuwa, alhali wanda ke jikinta yana ci gaba da fita, har ta bushe ta mutu. Ƙishirwa ce take ƙarasa ta. Shekara ashirin da ɗoriya buhun yana aiki kafin a gama fahimtar yadda yake aikin, kuma mutanen da suka ƙirƙiro shi ne suka koma suka tuhumi bayanin da su da kansu suka daɗe suna bayarwa.

Ɓangaren ƙira kuwa, da farko raina shi na yi, domin a ganina leda ai leda ce. Ledojin ciki guda biyu ana yin su ne da roba mai ƙarfi, kowace kaurinta maikiron 80, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na milimita, sannan a saka su cikin buhun saƙa wanda shi ke ɗaukar wahalar ja da jifa da lodi. Ana ninka ledar ne saboda roba ba ta tare iska ɗari bisa ɗari, kuma idan ɗaya ta sami huda ɗayar za ta rufa mata asiri. A gwajina na biyu buhu ɗaya ya sake yin ƙwari, amma wannan karon ban yi gaggawar zuwa ofishin kowa ba. Na zazzage waken, na hura ledar ta cika da iska, na murɗe bakinta, na danna ta a cikin baho mai ruwa, sai ga kumfa siririya tana tasowa daga wani gefe kusa da gindi. Da na zare ta na duba a hasken rana, sai na ga tsinken kowar wake ne da ba a sheƙe ba ya soke ledojin biyu a wuri ɗaya. Daga ranar ban ƙara zuba wake a buhu ba sai na sa an sheƙe shi sau biyu, na kuma gwada kowace leda da iska tukuna.

Duk wannan wasa ne idan aka kwatanta da abin da na gamu da shi a ƙauye. Kashi na biyu na aikin shi ne in yi wa manoma tambayoyi kan yadda suke adana wake, kuma na tsara takardar tambayoyin ne da Turanci, sannan na mayar da ita Hausa a dare ɗaya. A cikinta akwai tambayar da na rubuta kamar haka: "Kana zuba wa wakenka guba idan za ka ajiye shi?" Kusan duk wanda na tambaya sai ya girgiza kai ya ce Allah ya kiyaye. Na yi kwanaki ina cike takardu da "a'a", har sai da wani dattijo da ya amsa mini da a'a ya shiga ɗaki ya ɗauko mini kwalba, yana cewa shi dai wannan maganin yake ɗan yayyafawa. Babu wanda ya yi mini ƙarya a cikinsu. Guba abin da ake kashe mutum da shi ne, kuma ba mai hankalin da zai amsa cewa yana zuba wa abincin iyalinsa ita, amma magani kowa na sa shi. Kalma ɗaya ta kusa sa in rubuta wa duniya cewa manoman yankin ba sa amfani da maganin ƙwari, kuma da na rubuta, alkaluman za su fito tsaf a jadawali, babu mai karatun da zai gane cewa ruɓaɓɓu ne.

Akwai kuma wani giɓi da malamin gona na yankin ya nuna mini. Maza kawai nake tambaya a ƙofar gida da dandali, alhali waken ci da na iri a gidaje da yawa yana hannun mata, a jarka da tulu da tsofaffin gwangwanaye, kuma ni ba ni da ikon shiga. Sai da muka nemi wata ɗaliba ta riƙa shiga gidajen. Ita ce ta dawo mana da bayanin da ya fi duk wanda na tsara. Ta ce tana ta faman yi wa wata tsohuwa bayanin oksijin, tsohuwar ta katse ta, ta ce, "'Yar nan, ki ce dai a toshe masa numfashi, ai mun san wannan, shi ya sa muke cika jarka har wuya mu liƙe murfin." Daga nan muka daina fara magana da sunan sinadari, muka koma farawa da jarka.

A ra'ayina, abin da ya fi burge ni a shirin PICS gaba ɗaya shi ne yadda aka koyar da shi. A ƙauyuka fiye da 30,000 an bi tsari guda: malamin gona ya tara jama'a a kaka, wasu manoma su kawo wakensu, a zuba a gaban kowa, a matse iska, a murɗe bakin ledar farko a lanƙwasa a ɗaure, a yi wa ta biyu haka, sannan a ɗaure buhun waje shi kaɗai. Bayan wata huɗu zuwa shida sai a sake taruwa a kwance buhunan a bainar jama'a. An haɗa da sanarwa a rediyo da harsunan mutane, da gajeren bidiyo na yadda ake ɗaurin wanda ake turawa daga waya zuwa waya. Na halarci irin wannan buɗe buhu sau ɗaya. Mai waken ya tura hannu har gwiwar hannu, ya damƙo daga can ƙasa inda yake zargi, ya baza a tafinsa, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya gartsa, sannan ya miƙa wa na kusa da shi. A gefe akwai kwanon waken da aka ajiye a buhu na gama-gari tun rana ɗaya, kuma ba a buƙaci kowa ya yi jawabi a kansa ba. Wannan shi ne gwajin da na yi wata biyar ina ɓatawa a sito, an yi shi daidai, da abin kwatanci, da shaidu, kuma babu wanda ya buɗe buhun a tsakiya.

Duk da haka koyarwar ma tana yoyo. A wani gida mun tarar mai gidan ya raba buhun uku, ya zuba wake a leda ɗaya, gero a ɗaya, buhun saƙar kuma ya sa gyaɗa, domin a lissafinsa ya sayi abu ɗaya ya sami uku. Wani kuma ya haɗa bakunan uku ya ɗaure su da igiya ɗaya. Akwai wanda ya zuba wake bai gama bushewa ba, ya buɗe ya tarar ya yi fumfuna, ya yanke hukunci cewa buhun ne ba shi da kyau. Ban ga laifinsu sosai ba, domin an gaya musu yadda za su yi amma dalilin bai zauna musu ba, kamar yadda ni ma bai zauna mini ba lokacin da nake kwance buhuna duk wata, ga kuma digiri a hannuna.

A ranar ƙarshe da na yi a ƙauyen, bayan na gama cike takardu, dattijon nan mai kwalba ya riƙe ni a bakin mota. Ya ce, "Ɗana, na ga waken, kuma na yarda. Yanzu a ina zan samu buhun idan kaka ta yi?" Na duba malamin gona, shi ma ya dube ni. A cikin tambayoyi masu yawa da na tsara babu ko ɗaya da ta shafi inda ake sayar da buhun, ko nisan wurin, ko kuɗin motar zuwa. Daga baya na karanta binciken da aka yi kan karɓuwar buhun a yankin Afirka ta Yamma, na ga rashin samunsa a kusa yana cikin manyan dalilan da manoma ke bayarwa na ƙin amfani da shi. Na ƙara tambayar da biro a ƙasan sauran takardun da suka rage, na fara da shi dattijon, na tambaye shi kasuwa mafi kusa da ya taɓa ganin buhun a cikinta. Ya yi shiru yana tunani, sannan ya ce tun da yake bai taɓa ganinsa a hannun kowa ba sai malamin gona.