Lambar santa: tambayar da na manta ban yi ba kafin na biya kuɗin makaranta

Makarantun kuɗi bakwai na zaga a Kano kafin na zaɓa wa 'yata inda za ta yi aji huɗu zuwa aji shida na sakandare. Na leƙa banɗaki, na ƙirga kujeru, na auna nisa da agogo, na yi cinikin kuɗin mota. Abu ɗaya ne ban tambaya ba, shi ne kuma ya sa na biya kuɗin zango guda sau biyu, na sake ɗinka yunifom, na sake sayen littattafai daga farko: ko makarantar tana da lambar santa ta WAEC da sunanta. Ba ta da ita. Har yau in na wuce ta gaban allonsu sai na ji raina ya sosu.

Abin da ya ruɗe ni takarda ce da aka sa a firem aka rataye a ofishin mai makarantar, mai ɗauke da tambarin gwamnatin jiha. Na gan ta, na gyaɗa kai, na ɗauka magana ta ƙare. Ashe izinin jiha daban, amincewar hukumar jarrabawa daban. Takardar hukumar kula da makarantu masu zaman kansu tana nuna an yarda a buɗe makaranta ne, kuma ita ma sai ka karanta ta da kyau, domin wata ta firamare da ƙaramar sakandare ce kawai, mai makaranta ya ɗora aji huɗu a kai don iyaye sun nema. WAEC kuwa, da NECO, kowacce sai ta turo nata mutanen sun duba ɗakunan gwaje-gwaje da zauren jarrabawa da malamai, kafin ta ba makaranta lamba. In babu wannan lamba, makaranta ba za ta iya yi wa ɗalibi ko ɗaya rajista da sunanta ba. Sai dai ta kwashi yaran ta kai su wata makarantar a rubuta su a matsayin ɗaliban can.

Wani zai ce to mene ne, ai jarrabawar ɗaya ce. Ni ma haka aka ce min. A zango na biyu na aji biyar aka aiko da takarda ana neman wani abu wai shi kuɗin santa, ban da kuɗin rajista. Na je na tambayi firinsifal. Ya ce, "Haba Alhaji, kada ka damu, takardunmu sun yi nisa, bana ko baɗi za su fito. Kafin nan akwai 'yan'uwanmu da muke aiki da su." Na ce, "Malam, wace makaranta ce 'yan'uwan?" Sai da ya yi jim kafin ya faɗi sunan. Tana bayan gari. Da na bincika a wajen wani ɗan'uwana malamin sakandare, ya ce irin santocin nan ne da ake rubuta amsa a allo.

Illar ta wuce batun kuɗi. Satifiket ɗin zai fito da sunan makarantar da yarinya ba ta taɓa zama ajinta ba, kuma duk inda aka nemi takardar shaidar kammalawa ta zo da wani sunan, sai an yi bayani. Sannan WAEC tana karɓar makin gwaje-gwajen aji tun daga aji huɗu, ba na shekarar ƙarshe kaɗai ba, kuma makarantar da ke da lamba ce take shigar da su. Wa ya shigar da na 'yata na aji huɗu, a ƙarƙashin wane suna? Babu wanda ya iya ba ni amsa tsayayya. Mafi muni, in aka kama santa da satar amsa, sakamakon ɗaki guda ake riƙewa, ba a tsayawa tantance wanda ya kwafa da wanda ya yi karatunsa. Yaron da ya kwana yana bita sai ya wayi gari cikin waɗanda aka riƙe wa, lokacin neman gurbin jami'a ya wuce yana jira.

Na yanke shawarar cire ta, a nan ne kuma na san kuɗin kuskuren. Makarantun kirki ba sa son karɓar ɗalibi a aji shida, wasu ko a tsakiyar aji biyar ma ba sa karɓa, saboda wannan batun makin. Biyu sun mayar da ni. Ta ukun ta yarda da sharaɗin in kawo takardar canjin makaranta da sakamakon zango-zango tun daga aji huɗu, a kuma yi mata gwaji. Tsohuwar makarantar ta ce ba za ta saki takarda ba sai na biya kuɗin zango na uku, tunda ban sanar da wuri ba. Yana nan rubuce a fom ɗin da na sa wa hannu, da ƙananan haruffa a shafi na biyu, ban karanta ba. Na biya can, na biya nan.

Abin haushin, binciken bai fi minti goma ba. Lambar jarrabawar ɗalibin WAEC alƙaluma goma ce: bakwai na farko na santa ne, uku na ƙarshe na ɗalibi. Ka ce a nuna maka sakamakon ɗalibansu na shekara uku da suka wuce, wanda aka buga daga shafin hukumar, ba wanda sakatare ya tsara a kwamfutar ofis ba. Sunan santa yana jiki. In ya yi daidai da sunan da ke bakin ƙofa, shi ke nan. Ka yi wa NECO irin wannan tambayar daban, don samun ɗaya ba ya nufin samun ɗayar. In makarantar ta ɓangaren Larabci da addini ce, ka tambayi rajistarta da NBAIS, hukumar jarrabawar Larabci da addinin Musulunci. Mai cewa yana koyar da tsarin Ingila kuwa, ka tambaye shi yara nawa suka zauna jarrabawar Cambridge bara kuma a ina, domin a wurare da dama tsarin Ingilar bai wuce nektayi da sunan aji ba.

Tunda takardun sakamakon suna hannunka, kada ka tsaya a allon nan na "kashi 100 sun ci". Ka ƙirga da kanka mutum nawa suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi, tunda shi jami'a take nema a yawancin fannoni. Ka tambayi yawan 'yan ajin lokacin da suke aji biyar, ka kwatanta da yawan waɗanda aka yi wa rajista. In arba'in ne suka koma ashirin da biyar, an tankaɗe raunanan ne don allo ya yi kyau. In kuma ashirin ne suka zama tamanin, 'yan waje ake sayar wa kujera, ka tashi ka tafi. Sai ka nemi makin JAMB na waɗannan yaran. Ita a kwamfuta ake yin ta, a wurin da makaranta ba ta da iko. Ajin da kowa ya kwashi A da B a WAEC amma aka rasa mai 200 cikin 400 a JAMB, ka san inda A ɗin ya fito.

Na yi ta tambayar kaina yadda aka yi na tsallake wannan. Gaskiya hankalina yana wani wajen ne. Tun bayan kisan gillar da aka yi wa Hanifa, yarinyar nan 'yar shekara biyar, da aka bankaɗo a farkon 2022, wanda ya sa gwamnatin Kano ta janye lasisin makarantun kuɗi gaba ɗaya don a sake tantance su, duk uban da ya shiga makaranta katanga yake fara kallo da maigadi da yadda ake sallamar yara. Wannan makarantar ta yi fice a nan: ƙofa ɗaya, katin ɗaukar yaro mai hoto, kyamara a kowane lungu, tayil har banɗaki. Ban ce kada a duba tsaro ba. Ni dai ya cika min ido har na manta dalilin da ya sa ake kai yaro aji huɗu.

A zagaye na biyu na sauya salo. Ban ƙara zuwa ranar da aka gayyaci iyaye ba, wannan ranar kowa kwalliya yake yi. Talata ko Laraba nake zuwa da misalin sha ɗaya, ba sanarwa, in ce a kai ni ɗakin gwaje-gwaje yanzu. In aka fara neman mukulli, an ba ka rabin amsa. In an buɗe, ka shafa tebur da yatsa. Ka buɗe famfo ka ga ko ruwa na zuwa, ka ƙirga bututun gilashin da ake auna sinadari da su. A jarrabawar aikin hannu ta kemistiri kowane ɗalibi da nasa yake aiki, saboda haka guda shida ga aji mai talatin yana nufin kallo yara suke yi. A makarantar da na baro, da na koma na matsa aka buɗe min, kwalayen kayan ko selotef ɗinsu ba a ɓare ba. Shekara ɗaya da rabi 'yata tana ajin kimiyya.

Sai littafin rubutun ɗalibi, amma ba na wanda malami zai zaɓo maka ba. Ka nuna wani a layin baya ka ce a ara maka na lissafinsa. Ka duba ranar da jan biro ya taɓa shi na ƙarshe, ka ga ko ana gyara kuskure ko tik kawai ake jerawa. Ka tambayi malamin lissafi da na fiziks shekara nawa suka yi a nan, su da bakinsu. In duka masu bautar ƙasa ne, shekara guda za su tafi, yaronka ya ga malami uku kafin ya gama. In ka sami sarari ka tambaya a hankali ko ana biyan albashi lokacin hutu. Inda ba a biya, malamin kirki ba ya zama, da ya ga wata ƙofa zai fice a tsakiyar zango.

Kuɗi kuma, adadin da ake faɗa maka a baki na koyarwa ne kawai. Ka ce a rubuta maka duk abin da ɗan aji huɗu ya biya bara daga zango na ɗaya zuwa na uku: fom, yunifom kala biyu da kayan wasanni, littattafan da sai a shagon makaranta ake samu (waɗanda ake rubutu a ciki, ƙane ba zai gada ba), kuɗin PTA, lesin ɗin yamma da ake cewa ba dole ba ne amma a cikinsa ake sabon darasi, kuɗin gini, da na bikin yaye ɗalibai. Ni da na tara nawa, ya haura abin da aka faɗa min da kusan rabi. Ka karanta sharaɗin cire yaro kafin ka sa hannu, wannan shafi na biyun da ya ci ni. Kuɗin mota tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya zama wani kuɗin makarantar, don haka batun nisa ba na wasa ba ne. Daga Rijiyar Zaki zuwa Nasarawa a taswira kamar kusa, amma ka bi hanyar da ƙarfe bakwai na safiyar Litinin ta Kabuga, ka sake bi lokacin tashi, kafin ka yanke. In makarantar haɗe take da tahfiz har yamma, ka lissafa ƙarfe nawa yaro zai iso gida da lokacin da zai yi aikin gida.

Ƙaramin abu kuma da na ci karo da shi wajen canjin: sunan 'yata a rajistar tsohuwar makaranta ya bambanta da na NIN ɗinta da harafi ɗaya, an kuma juya sunan uba da na kaka. WAEC da JAMB duka suna neman NIN. Gyara shi tun aji huɗu aikin yini ɗaya ne a ofishin makaranta. In ya hau satifiket, sai rantsuwar kotu da zirga-zirga.

Ta zauna jarrabawarta a ajin da ta yi karatu, malaman da suka koyar da ita suna bakin ƙofa, sakamako ya fito a kan lokaci da sunan makarantarta. Alhamdu lillahi. Amma ta shiga aji shida ba ta taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, sai da na ɗauki malamin lesin na wata huɗu ya cike mata gurbin. Wannan ma yana cikin lissafin.

Yanzu ƙanenta ne a aji uku. Zan sa shi ya gwada jarrabawar makarantun kimiyya na jiha, ko Allah zai sa a dace da Dawakin Tofa ko Dawakin Kudu, amma na fara zagayen makarantun kuɗi don kada a zauna ba madogara. Makon jiya na shiga wata, gini hawa biyu, ofis da sanyin AC. Sakatariya ta miƙo min ruwa da takardar kuɗi, ta fara bayanin motocinsu. Na ce, "Hajiya, kafin nan, mece ce lambar santarku ta WAEC?" Ta ce bari ta tambayo. Ta shiga ciki ta daɗe, ta fito ta ce firinsifal ya yi tafiya, in dawo ranar Litinin. Na shanye ruwana, na ajiye mata takardar a kan tebur.