Godiya bayan kare kundin digirina

Alhamdulillahi. Jiya na kare kundina a gaban malamai, an sa hannu, an rufe. Kun san irin faman da aka sha, ba sai na maimaita ba. Jikina duk a mace yake, amma ba zan kwanta da bashin godiya ba.

Bincikena a kan kududdufan cikin birnin Katsina ne. Daga cikinsu kakanninmu suka haƙi ƙasar gini, su kuma ke shanye ruwan damina. Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987 jama'a ke ƙaruwa, fili ya yi tsada, ana cike kududdufi da shara a yanka fuloti a gina, ga lambatu a toshe. Ruwan Agusta idan bai sami wurin zama ba, sai ya faɗa gidajen mutane. Duk wanda ya tuna ambaliyar Jibiya ta 2018 ya san abin ba wasa ba ne.

Akwai ranar da ba zan manta ba. Ina wani lungu a cikin ganuwa, riƙe da tef ina auna faɗin kwata, sai wani ya ce ai irin masu shafa jan fenti ne, an turo ni a rushe gidaje. Kafin in buɗe baki matasa sun zagaye ni, an fizge takardun tambayoyina. Wallahi ƙafafuna rawa suke. Ban ga laifinsu ba, wanda ke zaune ba takardar mallaka dole gabansa ya faɗi idan ya ga baƙo da tef. Sai ga wani dattijo mai facin keke ya ratso, ya kama hannuna ya ce, "Ku sakar mini ɗana, karatu yake yi." Bai taɓa ganina ba. Ya zaunar da ni a bencinsa, ya ba ni ruwan randa, sannan ya kai ni wurin mai unguwa da ƙafarsa. A ƙaurensa ya nuna mini inda ruwa ya tsaya a bango, har ƙugu. Baba mai faci, ka ce kada in gaya wa kowa, ka yafe mini, na kasa. Allah ya jiƙan mahaifanka, ya shirya maka zuri'a, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ƙanwata Auta, ke kika shiga gidajen da namiji ba ya shiga, kika zauna da matan da ke kwana kwalfe ruwa da roba. Rabin kundin nan daga bakinsu ya fito. Allah ya ba ki ilimi mai albarka. Malamina da ya duba aikin, mai unguwa, da abokina da ya ara mini kwamfutarsa ya haƙura da nasa aikin, Allah ya saka da mafificin alheri.

'Yan'uwan da aka yi ta kira lokacin kuɗin buga kundi waya na shiga ba a ɗauka, na ga saƙonninku na murna. Na gode. Da dai an leƙo Inna ko sau ɗaya a lokacin, da ta ji sanyi.

Inna, tunkiyarki da kika sayar ba ta tafi a banza ba. Allah ya ja da ranki, ya kai ki Makka, ya ba ni ikon hidimta miki. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya tsare gidajen bayinsa daga ruwan bana. Amin.