Gwangwanin da na rataya wa yara

Ranar Lahadi na leƙa gidan ƙanwata a nan Tawa, na iske ɗiyarta zaune bisa tabarma ta baza kwali da almakashi. Bara ta gama karatun Ingilishi a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, bana wata lakwal mai zaman kanta ta ɗauke ta don ta koyar da ƴan shekara 5 zuwa 7. Na ɗauki kwalin da ta gama, na ga ta zana baki ta soke shi da jan layi, a ƙasa ta rubuta cewa ba a Hausa a wannan aji. Na ce, "Wanda ya yi fa?" Ta ce, "Kawu, sai ya fuskanci bango minti biyar. A intanet na gani, in ba a nutsar da yaro cikin harshe ba, ba ya kamawa." Jikina ya yi sanyi, don na san wannan kwalin. Nawa dai na ƙarfe ne.

A 1994, da aka karya darajar sefa, ina mushen Ingilishi, wato malami, a koleji. Albashi ya kan yi watanni bai zo ba, ga mata ga goyo. A lakwal ta gwamnati sai yaro ya shiga siziyam, ajin farko na koleji, yake fara Ingilishi, alhali ƴan kasuwarmu masu bi ta Ƙonni su tsallaka Illela da Sakkwato sun san amfaninsa tun tuni, suna son ƴaƴansu su fara da wuri. Sai na share zauren gidanmu, na jera benci uku, na tara yara 18, kowane jika ɗaya da rabi a wata. Da wannan kuɗi tukunyata ta hau wuta, ba zan ɓoye ba.

Mu da muka yi lakwal a da mun san sambol, ƙashin nan mai igiya da ake rataya wa wanda ya kuskura ya yi Hausa. Na sha shi a wuya, na kuma tsane shi. Amma da na zama mai aji, sai na huda gwangwanin tumatir na zura masa zare. Wanda bakinsa ya suɓuce ya ɗauka, ya zauna yana kasa kunne ya kama wani don ya sauke masa. Cikin sati biyu aji ya yi tsit, ni kuwa na ɗauka ladabi ne.

Akwai wata yarinya, ɗiyar wani mai sayar da atamfa, shekararta shida, mai baki kamar aku. Ita ta fi kowa shan gwangwanin, don labari ba ya zama cikinta. Wata rana da la'asar na ga tana mutsu-mutsu, tana matse ƙafafu, tana kallona tana kallon gwangwanin da ke wuyan wani yaro. Na daka mata tsawa ta zauna daidai. Ashe fitsari ne ya matse ta, ba ta san yadda ake neman izini da Ingilishi ba, ni ma ban taɓa koya musu ba, Hausa kuma na hana. Sai gani muka yi yana bin benci yana ɗiga ƙasa. Yara suka fashe da dariya. Daga ranar ban ƙara jin muryarta ba, da wata ya ƙare ubanta ya cire ta. Yanzu uwar ƴaƴa ce, in mun gamu a kasuwa ta kan durƙusa ta ce, "Mushe, ina wuni," ni ne nake kasa kallon idonta.

To amma wa ya koya mana aiki da ƙananan yara? Don ƴan koleji aka horar da mu, masu iya zama awa guda suna kwafe nahawu daga allo. Iyaye kuma abin da suke so ke nan. Wani alhaji har ce mani ya yi in dai Hausa ce, akwai ta a gida kyauta. Kuma ba duka aka yi asara ba, cikin yaran akwai wanda yau da tafinta yake cin abinci. Sai dai in na yi wa kaina adalci, shi wannan ko a gindin bishiya aka ajiye shi da rediyo zai iya. Sauran 17 su ne awon aikina.

Kuskure na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Tun ranar farko na damƙa musu biro da kaye, muka shiga a, b, c. Yaro da safe yana koyon baƙaƙe da sunayensu na Faransanci, da almuru yana makarantar allo, ni kuma na ƙara masa kaya na uku. Harafin E, a Ingilishi sunansa "i", wanda a Faransanci sunan wani harafi ne dabam. G da J kuwa kamar musaya aka yi: abin da Bafaranshe ke kira "ji", J ne, a wurin Ba'ingile kuma "ji" G ne. Wani yarona ya sha bulala wurin mushensa na safe saboda ya faɗi yadda na koya masa. Ingilishi baƙaƙe 26 gare shi, sautukansa sun haura 40, rubutunsa ba ya bin furuci kamar na Hausa. Na ɗora wannan bisa kan yaron da ko sunansa bai iya haɗawa ba. Abin da ya rage sai hadda. Ƙarshen shekara suka rera gaisuwa gaban iyaye aka yi ta tafi, amma ka tambayi yaro shekarunsa sai ya ce maka "Fine, thank you."

Na zauna da niyyar jero muku shawara goma, ku matasan da kuka cika makarantun kuɗi na Yamai da Tawa. Da na duba, ba su kai ba.

Kada ku hukunta yaro don ya yi harshen uwarsa. Ko sau ɗaya. Kundin sake gina ƙasa da gwamnatin Nijar ta kafa a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki, to da wane ido za ku soke ta da jan layi? Nutsarwar da kuke karantawa ta yaron da ke jin harshen safe da yamma ce, naku awa biyu ko uku yake ji a sati, daga bakinku kaɗai.

Ku ɓoye biro sai kunne ya ƙoshi. Ku kawo kofi da cokali da takalmi, ku ce tashi, zauna, taɓa hanci, yaro ya yi da jikinsa. Bahaushe ba ya raba "p" da "f", mu Adarawa ma "hwari" muke cewa; ku riƙa masa ƴar takarda gaban leɓe, in ta yi tsalle ya faɗi "p" daidai. Wannan ya fi bidiyon da kuke kunna musu ku koma gefe kuna latsa waya. Abin nan yana ci mani rai. An ba ka amanar ƴaƴan mutane, kai hankalinka na wurin lanƙwasa harshe irin na Amurka da neman aiki a ƙungiyoyin Turawa!

Kuma kada ku ji na ce a bar yara su yi Hausa, ku mai da aji dandalin hira. Na ga masu fassara kowace kalma, yaro ya daina sauraron Ingilishin ya jira fassara. Ku bakinku ya tsaya kan Ingilishi, ku tsananta ma, in ba haka ba kuɗin iyaye kuke ci. Na san kamar na warware abin da na ɗinka. Yaro dai a bar masa ƙofa, ku ne ba ku da ita.

Ɗiyar tawa ta saurare ni har na gama, kanta a sunkuye. Ta ce darakta ne ya ce a manna kwalin, in ta ƙi aikinta ne a bakinsa. Ban iya ce mata ta ƙi ba, na san abin da rashin albashi yake. Na dai roƙe ta abu guda: ranar farko, kafin gaisuwa, kafin komi, ta koya musu yadda ake neman izinin zagawa, ta kuma gaya musu da Hausa cewa wannan ko da wane harshe suka faɗa za ta bar su su fita. Ta ce, "To, Kawu." Da zan tafi kwalin yana nan jingine da bango.