Kashin Tsutsar da Na Kakkaɓe Na Wuce

Har yau in na tuna da waɗannan baƙaƙen ɗigo-ɗigo da na gani a kan ganyen tumatir ɗina sai raina ya ɓaci. Ƙanana ne, kamar an barbaɗa baƙin yashi. Na sa yatsa na kakkaɓe su na yi gaba. Tumatir ya cika da fure a lokacin, gindi 40, ga furen yana ta zuba ƙasa, ni kuma na ɗora wa zafin rana laifi. Ashe kashin tsutsa ne, mai shi kuwa tana nan sama da inda na kakkaɓe, tana cin furen da bai buɗe ba.

Kwana 10 na yi ina ban ruwa ina jiran gari ya yi sanyi. Kwana 10!

Ranar da na farga, wani ɗan tumatir na ɗaga, kore shar, sai na ga rami kusa da hancinsa, rabin jikin tsutsa a ciki rabi a waje. Na tsaga shi, ciki ya fara ruɓewa, ga kashi cunkus. Ita ce wadda masana ke kira Helicoverpa armigera. Uwarta irin malam-buɗe-littafin nan ce mai yawon dare, tana bin fure da sabon toho tana ajiye ƙwai ɗai-ɗai, kowanne bai kai kan allura ba. In da ɗumi, kwana 3 ya isa ya ƙyanƙyashe. Tsutsar kan yi mako 2 zuwa 3 tana ci kafin ta sauka ta shige ƙasa, kuma ba ta tsayawa kan ɗa guda, ta huda wannan ta koma wancan. Wato kwanakin da na ɓata su ne daidai lokacin da take ƙarama, a fili, magani na iya samunta.

Na sayo Bt, maganin nan da ake yi da ƙwayar bakteriya, don ban so in kashe ƙudan zuma ana tsakiyar fure, ga zanzaro da gizo-gizo da ke taya ni farauta kyauta. Nan ma sai da na sake kwafsawa: da tsakar rana na yi feshin farko, cikin fushi. Hasken rana yana lalata Bt cikin 'yan kwanaki, kuma ba ya kisa don ya taɓa jiki, sai tsutsa ta ci shi a kan ganye. Wadda ta riga ta shige cikin tumatir fa? Ko a jikinta.

Manyan dai da hannu na gama da su. Bayan faɗuwar rana in ɗauki tocila da bokitin ruwan sabulu, in bi gindi-gindi. Abin haushin, kashin nan da na raina shi ya zama jagorana: duk inda na gan shi sabo, in na ɗaga ido sama kaɗan sai in tarar da ita kwance a jikin kara, launinta ya saje da ganye. Duk ɗan da aka huda na tsinke shi na fitar da shi daga wurin gaba ɗaya, don in ka yar a gindi, ka raka ta gida ne kawai.

Feshi kuma na mayar da shi yamma lis, duk bayan kwana 5 zuwa 7, ina jiƙa fure da ƙarƙashin ganye. Ƙananan sukan daina ci cikin 'yan sa'o'i, bayan kwana 2 ko 3 ka gan su sun yi baƙi sun rataye.

Furen da ya biyo baya ya kama, na gode Allah. Amma zubin farko, wanda ya fi kowanne manyan 'ya'ya, kusan rabinsa a rami na binne shi.