Ranar da na daina zana kibiya a allo

Na yi shekaru ina koyar da sadarwa a cikin ma'aikata da zanen nan da kowa ya sani, mai aika saƙo, saƙo, mai karɓa, sai kibiya ta dawo. Ɗalibai su haddace su zubo min shi tsaf a jarrabawa, amma wallahi in ka tambaye su me yasa ƙaramin ma'aikaci zai ga matsala ƙiri-ƙiri ya ja bakinsa ya tsuke, sai a hau kallon-kallo.

Yanzu da labarin Challenger nake farawa. Ranar 28 ga Janairu 1986 kumbon nan na Amurka ya tarwatse daƙiƙa 73 da tashinsa, mutum 7 suka mutu. Abin da yafi ci min rai shine an fa faɗa. Ana gobe za a harba, injiniyoyin Morton Thiokol, kamfanin da ya ƙera rokokin da ke cilla kumbon, suka ce a dakata don sanyi zai sa robar da ke toshe mahaɗar rokokin ta sandare, aka yi ta ja-in-ja ta waya da mutanen NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, can manajojin kamfanin suka keɓe suka dawo suka ce sun amince, su kuma manyan NASA da ke da wuƙa da nama ba ma su san an yi wannan gargaɗin ba.

To a nan nake tsayar da labarin, in raba ajin uku, injiniyoyi, manajoji, NASA, in ce bismillah ku yi mitin ɗin. Dole in yi haka, don wanda ya san ƙarshen labari ba abin da ya fi masa sauƙi kamar zagin manaja, amma ka ɗora shi a kujerar, ga kwangila ga oga na jira, sai kaji muryarsa ta sauya. Wata ɗaliba da ta fito a injiniya ta ce min, "Malam, to in na dage aka kore ni fa?" Awa guda muka yi a kan tambayar nan kuma ban ji ciwon lokacin ba ko kaɗan.

Akwai na Tenerife ma, wani tsibiri na ƙasar Sifaniya, 1977, jirage biyu suka yi karo a titin tashi cikin hazo, rai 583, maganar rediyo ce ta rikice kuma injiniyan ɗaya daga cikin jiragen, na kamfanin KLM, ya nuna shakku kyaftin ya ƙi saurare.

A sati na ƙarshe kowa ke kawo nasa labarin daga wurin aikinsa, a cire sunaye. Wata nas ta kawo na takardar miƙa aiki da aka bari a tebur masu dutin dare basu gani ba, tana cikin bayani muryarta ta fara rawa, ajin yayi tsit har ta gama.