Injin niƙa ya ci kunnena, yanzu ƙwaƙwalwa yake bi

Jiya a kasuwar Jega na tarar da ɗan ƙanwata tsaye gaban injin niƙa, ya cusa iyafis a kunnuwa biyu, ya ƙure sauti don waƙa ta danne ƙarar injin. Na yi masa magana, ya ce, "Kawu, ai na saba." Jikina ya yi sanyi, don da bakina na taɓa faɗa wa mahaifina haka.

Tun ina saurayi nake wannan sana'a. In na tashi da yamma kunne na yi min tsuwwa har in yi barci. Baba ya ce in riƙa toshewa da auduga, na ƙi, wai ba zan ji masu kawo niƙa ba. To, amma wa zai ciyar da gida? A lokacin ba wanda ya san illar abin. Ko da yake Baba ya faɗa, ni ne ban ɗauka ba. Na soma yawan "me ka ce?", iyali suka ce na cika faɗa. Na daina zama majalisa bayan Isha'i saboda kunyar a yi dariya ban san dalili ba. Sai mantuwa ta shigo: sunayen jikoki, inda na ajiye kuɗi, har raka'a nawa na yi.

Likita a Birnin Kebbi ya ce min akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi can cikin kunne, ƙara na kashe su, kuma ba sa sake tsirowa. Daga nan ƙwaƙwalwa ke ƙarar da ƙarfinta wajen cankar abin da aka faɗa, ba ta da sauran na adanawa. Gujewa mutane kuma ya ƙara dakushe ta. Binciken Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka a 2011 ya gano tsofaffi masu tsananin kurumta sun fi masu ji haɗarin cutar mantuwa har kusan ninki 5. Ba kowane kurma zai kamu ba, amma ni ina ganin alamu a kaina.

Na shirya shawarwari da yawa, ga abin da ya rage. Matasa, ku cire iyafis ɗin nan daga kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin kurumta saboda sauraron sauti mai ƙarfi irin nasa, ku kuwa ko a kan babur yana maƙale! Ɗana, ka bar injin nan. A'a, kada ka bari, abincinka ne, ka nemi matoshin kunne na roba. Na san ba za ku ji ba, yaran yanzu sai abin da waya ta ce.

Idan tsohonku ya fara ware kansa, ku kai shi a gwada kunnensa kafin ku ce gigin tsufa ne. Na'urar ƙara ji tana da tsada, ku haɗa kuɗi ku saya masa, kuma ku tsaya a kansa ya riƙa sawa.